Laushin Ulu A Jini Yake, Ba A Dusa Ba

Akwai masu cewa wai in an ƙoshar da tunkiya da dusa da harawa, gashinta zai yi laushi har ya zama ulu irin na bargon kanti. Wannan magana ba ta da tushe. Abinci yana ƙara yawan ulu, har ma ya ƙara masa kauri kaɗan, amma laushinsa gado ne.

A dubi tumakin Merino, waɗanda asalinsu ƙasar Sifen ne, aka kai su Ostareliya a 1797. Ana auna kaurin silin ulu da maikiron, watau milimita guda a raba ta dubu. Silin Merino bai cika wuce 24 ba, mai kyau ƙwarai kuwa ba ya kai 18, alhali gashin kan mutum yakan kai 70. Asirin a fata yake. Ramukan da gashi ke tsirowa iri biyu ne, manya da ƙanana, kuma tun ɗan tunkiya yana ciki suke fara fitowa. A jikin Merino kowane babba yana da ƙanana wajen 20, su ne ke fid da siririn ulu. Masana sun auna, sun ga bambancin kaurin sili tsakanin tumakin garke guda fiye da rabinsa gado ne.

Don haka makiyayin ulu ba ya wasa da zaɓen rago, gama rago guda yana iya barbarar tumaki 40 a shekara, kuskurensa kuwa sai ya bi garke duka. Mutanen Ostareliya sun ɗanɗana. Wajen 1880 suka yi ta sayo raguna masu tattararriyar fata daga Amurka, suna zaton yawan fata shi ne yawan ulu. Ashe tattarar tana riƙe danshi, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ci dabba da ranta. Shekaru suka yi suna fama kafin su rage wannan jini.

To, ga mai kuɗin da ke shirin sayo ragon ulu daga waje ya haɗa da Uda ko Balami ko 'Yankasa, lalle ya sake shawara. Waɗannan tumakin gashi ne. 'Ya'yan za su fito da ulu gauraye da gashi mai kaushi wanda ba ya shan rini, masaƙa kuwa ba ta son irinsa. Sa'an nan ga zafi, ga ƙarangiya tana maƙalewa, ga fatar da dillalai ke so ta rage daraja.

In ulun bargo ake nema, akwai tumakin Masina a Mali da na Kundum a bakin kogin Kwara cikin Nijar. Ulunsu da kaushi, amma sun saba da ranar ƙasar, kuma tun kaka da kakanni ake saƙa barguna da na Masina.