Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magatakardan JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede

Allah ya gafarta Malam,

Na rubuto maka ne a kan wasu ɗalibai da ba a cika jin muryarsu ba a taron tsara ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai da hukumarka ke kira duk shekara, wato yaran da suka yi karatu a wajen Najeriya suke neman gurbi a jami'o'inmu. Wasunsu 'ya'yanmu ne da yaƙi ya koro gida, wasu kuma 'ya'yan maƙwabta ne daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ni malamin sakandare ne a Katsina, kuma da yake ina taɓa Faransanci, iyayen irin waɗannan yara kan kawo mini takardunsu in duba.

Ba zan ɓoye alherin da aka samu a zamaninka ba. Tun da aka shigo da tsarin CAPS a 2017, ɗalibi yana ganin gurbinsa a wayarsa, ya amsa da hannunsa, an kuma rage cinikin sunaye da ake yi a bayan fage. A watan Mayun 2025, da aka gano tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ka fito gaban 'yan jarida ka ɗauki laifin, aka sake musu jarrabawa. Wannan ne ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto maka, domin na ga kana sauraro.

Malam, tsarin nan an ɗinka shi ne daidai jikin yaro iri ɗaya: wanda aka haifa a nan, ya zana WAEC ko NECO, yana da lambar NIN, yana kuma riƙe da layin wayar Najeriya. Tun 2021 matakin farko na rajista shi ne yaro ya tura lambar NIN ɗinsa zuwa 55019, a dawo masa da lambar da zai sayi fom da ita. Ga ɗan Funtuwa ko ɗan Daura wannan aikin minti biyar ne. Amma ka dubi yaron Maraɗi da ya ci jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare a ƙasarsu, da kyakkyawan sakamako, yana son karanta aikin injiniya a Zariya ko Kano. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba. Ya tsallako ta Jibiya da takardunsa a cikin leda, ya shiga shagon intanet, aka ce kawo NIN, ya ce ba shi da ita. Hukumarka ta yi wa baƙi tanadi, amma mai shagon bai san da shi ba, bai kuma taɓa ganin takardar Bak ba. Sai ya ba shi shawarar da ya saba bayarwa: ya nemi wani kawu a wannan ɓangaren iyaka, a yi masa takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, ya yi NIN a matsayin ɗan ƙasa, ya sake zana NECO. Na ga uban da ya ƙi wannan shawara saboda tsoron Allah, ya koma da ɗansa gida. Na kuma san waɗanda suka bi ta suka wuce salin-alin. Duk tsarin da ya sa ƙarya ta fi gaskiya sauƙi, shi da kansa yake lalata alƙaluman da hukumarka ke dogaro da su, ya kuma cinye gurbin da aka ware wa 'yan jihar.

Wannan ba baƙon batu ba ne a wurinka. Kwamitin da hukumarka ta kafa ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ya bayar da rahoto a 2019 cewa a cikin ɗalibai fiye da miliyan ɗaya na makarantun da aka bincika, baƙi ba su kai 2,000 ba. Kai da ka shugabanci Jami'ar Ilori daga 2007 zuwa 2012 ka san jami'ar da babu baƙo a ajinta ta yi asara. A hannu guda kuma 'ya'yanmu na tururuwa zuwa jami'o'in Maraɗi da Jami'ar Musulunci ta Say. JAMB na gudanar da jarrabawa a birane irin su Akara da Kwatano da Jidda da Landan. Roƙona shi ne a riƙa kai ta Maraɗi ko Yamai duk shekara, a kuma buga bayanin yadda baƙo zai yi rajista da Hausa da Faransanci da Larabci, a manna shi a kowace cibiyar rajista daga Sakkwato zuwa Maiduguri. Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ta ƙara wa wannan batu nauyi, domin yanzu iyaye na tambaya ko kuɗin makarantar baƙi, wanda wasu jami'o'i ke yankawa da dala, zai hau kan 'ya'yansu. Manomin Tasawa ba shi da dala. Ya kamata a yi wa maƙwabtan da muka haɗa iyaka da harshe da aure farashi na daban da naira, a kuma rubuta shi inda kowa zai gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin ɗalibanmu da suka dawo daga Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, yaranmu da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantu sun fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Wasu sun yi kwanaki a iyakar Argin kafin Masar ta bar su su shiga, wasu aka kwaso su ta Port Sudan. Hukumarka ta fitar da jagora kan yadda za a karɓe su, ta bar hukunci a hannun majalisar malaman kowace jami'a, tare da sharaɗin cewa ɗalibi zai yi aƙalla shekara biyu a sabuwar makaranta kafin a ba shi digiri. A takarda wannan adalci ne. A aikace kuwa kowace jami'a ta yi gaban kanta.

Akwai 'yar wani maƙwabcina da ta dawo tana aji biyar a karatun likitanci. Duk shaidar da ta tsira da ita hotunan sakamakonta ne da ta riƙa ɗauka a waya daga allon sanarwa, wani ma hasken gilashi ya rufe rabin sunanta. A wata jami'a aka ce ta kawo cikakkiyar takardar sakamako mai hatimi, kai tsaye daga ofishin makarantarta, alhali ofishin yana tsakiyar filin daga. Ta yi rantsuwa a kotu ta kawo, aka karɓa aka sa a fayil. Daga nan sai "ki dawo mako mai zuwa", sai "kwamiti bai zauna ba", sai "gurbin da Hukumar Likitoci ta ba mu ya cika". Wata jami'ar ta yarda ta ɗauke ta, amma daga aji biyu. Babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata tambaya ɗaya a kan abin da ta karanta. Ni a ganina nan kuskuren yake. Idan takarda ta ƙone, ilimin da ke kan yarinya bai ƙone ba, kuma muna da malaman da za su iya auna shi cikin mako ɗaya. Hukumar da ke shirya wa yara kusan miliyan biyu jarrabawa a shekara ba za ta gaza haɗa kai da hukumar jami'o'i ta NUC da Hukumar Likitoci a shirya wa 'yan ɗaruruwa gwajin tantance aji ba.

Na san abin da ke sa jami'ai ɗari-ɗari da takardar waje. Bayan ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano, Ma'aikatar Ilimi ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a watan Janairun 2024, daga baya ministan wancan lokaci, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi fiye da 22,000. Ina goyon bayan wannan tsaftacewa ɗari bisa ɗari. Sai dai tun daga lokacin ake yi wa duk mai takardar ƙetare kuɗin goro. Ma'aikacin rajista da bai iya karanta Larabci ko Faransanci ba, ya kuma ji labarin Kwatano, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ajiye fayil a ƙasan tari. Ba na zarginsa, tsoron rasa aikinsa yake yi. Maganin tsoronsa shi ne a ba shi ƙa'ida a rubuce: ga yadda ake auna Bak ta Nijar da ta Chadi, ga matsayin shahadar sakandaren Sudan, ga makin da ya yi daidai da kiredit biyar, ga wanda ya cancanci shiga aji biyu kai tsaye, ga kuma ofishin da zai tuntuɓa idan ya yi shakka.

Yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, na Sudan ya biyo baya a 2023, kuma a duka biyun sai da yara suka sauka a filin jirgin Abuja sannan aka fara tunanin inda za a sa su. Ina roƙon a kafa tebur na dindindin a hedikwatar JAMB da ke Bwari da ofisoshinta na jihohin kan iyaka, wanda aikinsa kawai shi ne ɗaliban da suka zo daga waje. A shigar da buƙatunsu cikin CAPS kamar na kowa, yadda yaro zai ga inda fayil ɗinsa ya tsaya. A kuma ɗaure jami'a da wa'adi, in za ta karɓa ta karɓa, in za ta ƙi ta faɗi dalili a rubuce cikin kwana 60, domin ɗalibi ya san ko zai nemi wata kafin zangon karatu ya wuce shi.

Ina fatan a sa wannan batu cikin ajandar taron ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai mai zuwa, a kuma gayyaci biyu ko uku daga cikin waɗanda suka dawo daga Sudan su yi wa shugabannin jami'o'i bayani da bakinsu.

Allah ya ƙara lafiya, ya yi jagora.

Naka,
Wani malamin sakandare daga Katsina