Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Muhalli na Jihar Kano



Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne a kan kogin Challawa da na Jakara, da kifin da jama'a ke ci daga cikinsu.

Ba ɓoyayyen abu ba ne inda dagwalon masana'antunmu yake ƙarewa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, har madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa kuwa kogin Challawa yake shiga, ya haɗe da kogin Kano, ya gangara Wudil. A ciki akwai kiromiyam ɗin da kamfanonin jima ke sarrafa fata da shi. Ga kuma maganin feshi da ruwa ke wankowa daga gonakin rani.

Hanyar awon da aka saba ita ce a ɗebi ruwa a kwalba a kai ɗakin gwaji. Tana da amfani, amma kwalba ba ta san komai ba sai abin da ke cikin ruwan a lokacin da aka ɗebe shi. In an saki dagwalo da tsakar dare, ma'aikaci ya zo da hantsi, gubar ta yi gaba. Karfasa da tarwaɗa kuwa suna nan dare da rana, kuma jikinsu yana riƙe alamar abin da ya ratsa su.

Alamar tana cikin enzayim, wato sinadaran da ke tafiyar da ayyukan jikin halitta. Akwai asetilkolinestares a ƙwaƙwalwa da tsokar kifi. Maganin ƙwari irin su ota-fiyafiya yana daƙile shi, don haka in an ga ya yi ƙasa, an san irin gubar da za a nema. ALAD na cikin jini, dalma ce ke kashe masa ƙarfi. Katalas da ire-irensa a hanta suna sauyawa idan ƙarafa masu guba suka takura wa jiki. ALT da AST kuwa, waɗanda likita ke aunawa in yana zargin hantar mutum, su ma ana auna su a jinin kifi. Abin da ya fi ja hankalina shi ne duk waɗannan suna motsawa tun kifin yana iyo lafiya a ido, tun masunta ba su wayi gari sun ga matattu a bakin gaɓa ba.

Aikin yana son kula. Zafin ruwa, shekarun kifi, damina da rani, duk suna taɓa sakamakon. Dole a riƙa kwatantawa da kifi iri ɗaya daga wurin da dagwalo bai kai ba, kamar madatsar Tiga, kuma a ci gaba da awon ruwan kansa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ma'aikatarka ta haɗa hannu da Jami'ar Bayero da hukumar NESREA, a tsayar da wuraren ɗaukar kifi na dindindin a Tamburawa, Wasai da Wudil, a riƙa awo duk bayan wata uku. A sa sarakunan ruwa a ciki, domin su suka san inda kifi yake kwana. Sakamakon kuma kada a kulle shi a ofis: a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo, mai su da mai suya da mai saye duk su ji.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Kano