Uwargida, kin gayyaci mutane cin abincin Sallah, sai kuma ciwo ya zo



Yau da ke nake, uwargida. Tun sati biyu da suka wuce kika gaya wa ƙawayenki cewa wunin washegarin Sallah a gidanki za a yi. An yanka kaji, an niƙo kayan miya, zoɓo yana jiƙe a bokiti. Sai da asuba ciki ya murɗa, kafin a tada sallah kin zaga banɗaki sau uku. Ko kuwa mura ce ta sauko da zazzaɓi. Na san abin da zuciya take raya miki: ki sha farasitamol ki daure, kar a ce kin gudu daga baƙi.

Ni dai a ganina, kar ki daure. Ki faɗa musu gaskiya, ki bar madafa.

Ba kowane ciwo nake nufi ba. Ciwon baya, ciwon kai na gajiya, har zazzaɓin cizon sauro, babu wanda zai ɗauka a tuwonki. Wannan tsakaninki da jikinki ne, ki yi gwaji, ki sha magani, ki rage aiki. Amma gudawa da amai, wannan fa a hannu suke tafiya. Wuta tana kashe ƙwayar cutar da ke cikin miya, to amma abin da aka taɓa bayan an sauke fa? Haɗin latas da kabeji, yankan kankana, zoɓon da aka tace da hannu, kunun aya, dambun naman da ake ta yamutsawa. Babu wutar da za ta sake bi ta kansu. Ta nan taifod da kwalara ma suke shiga gidaje. Shi ya sa likitoci ke cewa mai gudawa ko amai ya jira awa 48 bayan abin ya tsaya kafin ya dafa wa wasu, domin ko jiki ya yi sauƙi ƙwayar ba ta gama fita ba.

Mura kuwa ba ta ma buƙatar abinci. Falo ɗaya, taga a rufe, a rungumi juna ana barka da Sallah, kofi ɗaya yana zagayawa. Shi ke nan.

Ki tuna su wa za su zo. Akwai mai tsohon ciki, akwai wadda za ta zo da jaririn wata uku a goye, wata kuma da Hajiyarta mai ciwon suga. Ke kwana biyu kin miƙe. Jaririn nan gudawar yini ɗaya tana iya kai shi gadon asibiti ana masa ƙarin ruwa, uwarsa kuma ba za ta taɓa sanin daga ina abin ya zo ba. Ke kaɗai kika sani.

Za a ce miki ai karrama baƙo addini ne, cuta kuma ba ta kama kowa sai da ikon Allah. Gaskiya ne duka biyun. Amma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa da tawagar Saƙif ta zo yin mubaya'a, akwai mai kuturta a cikinsu, sai Manzon Allah (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Ba a wulaƙanta shi ba, ba a hana shi ladansa ba, an dai kare sauran jama'a. Sayyidina Umar (RA) ma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da mutanensa daga hanya. Wa zai ce ya fi su tawakkali?

Kunya ce kawai ke damunmu, wallahi. To ki kira su da wuri, ki ce: “Cikina ya ɓaci tun dare, ba na son in shafa wa yaranku, mu ɗaga zuwa Asabar.” Ƙawar arziki sannu za ta yi miki, wataƙila ma ta aiko da farfesu. In ɗagawar ba za ta yiwu ba, ƙanwarki ko maƙwabciya ta karɓi girkin, a zuba a kula a kai musu, ko a yi zaman a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ke kuma ki gaisa daga nesa ki koma ɗaki.

Maigida, kai ma ka matso. Sau da yawa kai ne ka tara abokai a zaure, ita ce a bakin murhu da jiri. In ta ce ba ta iyawa, kar ka ce “ki ɗan taimaka mana”. Ka sayo abincin, ko ka ba abokanka haƙuri. Ba za su mutu ba.

Sai kula da kanki. In gudawa ce, ruwan gishiri da suga shi ne kan gaba: litar ruwa ɗaya mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Talbina, wato kunun sha'ir, tana da sauƙi a ciki ga marar lafiya. Zuma a ruwan ɗumi tana lallashin tari, sai dai ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Habbatus sauda kuwa, ki sha abinki in kin saba, amma kar ki ɗauka shanta ya ba ki lasisin yanka latas. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu bayan banɗaki, ba tsoma yatsu a kwanon da kowa ya tsoma ba.

In kika ga jini a bayan gida, ko gudawar ta koma fara kamar ruwan wankin shinkafa, ko duk abin da kika sha sai ya dawo, ko fitsari ya ɗauke, to a bar maganar baƙi, a tafi asibiti ko da ranar Idi ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.