Mu Ne Makiyayan Ƙwayar Zazzaɓi

Duk wanda ya taɓa zama a kara, ko ta Agege ce ko ta Badun, ya san makiyayi shi ke gyara garkensa. Bijimin da ya bari ya yi barbara, kamanninsa ne za su cika garke bayan 'yan shekaru. To, jama'a, akwai wani garke da ni da ku muke kiwo ba da saninmu ba, watau ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Masana da ke bin diddigin gadon wannan ƙwaya sun tarar da tambarin ɗan Adam a jikinta: irin jininsa, tafiye-tafiyensa, da yadda yake shan magani.

Mu fara da jini. Tun 1954 wani likita mai suna Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa wanda ya gaji rabin sikila, wanda ake kira AS, ba kasafai zazzaɓi mai tsanani ke kayar da shi ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka jininsa yake. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ganuwar da ƙwayar ba ta iya haurawa. Sai a 2021 aka binciki yara masu zazzaɓi mai tsanani a Gambiya da Kenya, aka ga wani iri na ƙwayar, mai canji a wurare uku cikin gadonsa, ya fi yawa a jinin masu gadon sikila. Ashe ganuwar ta tace ƙwayoyin ne kamar rariya, masu iya wucewa suka wuce suka hayayyafa.

Wannan ba mu da iko a kansa, domin ba wanda ya zaɓi jininsa. Maganar da ta shafe mu ita ce ta magani da ta mota.

Manya daga cikinmu sun tuna kulorokwin, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi. A da, in ka sha shi kwana uku sai ka miƙe. A ƙarshen shekarun 1950 aka soma ganin ƙwayar da ba ta jinsa a kan iyakar Tailan da Kambodiya. A 1978 aka same ta a Kenya, cikin shekarun 1980 kuwa ta game Afirka har ta iso mana. Da aka duba gadonta, sai aka tarar jikanyar waccan ta Asiya ce. Yanzu ku gaya mini, wane sauro ne ya taso daga Kambodiya ya ƙetare teku? Sauro galibi bai wuce 'yan mil daga kududdufin da aka ƙyanƙyashe shi ba. Mutum ne ya ɗauko ta cikin jininsa, a jirgi da mota, ya sauka wani gari, sauron garin ya cije shi. A cikin sauro kuma ƙwayoyin suke barbara, baƙuwa ta haɗu da 'yar gida, su haifi sabon iri.

Me ya sa baƙuwar ta fi ƙarfin 'yan gida? Domin ta tarar da kulorokwin a ko'ina, ana shansa da dalili da babu dalili. Maganin ya riƙa kashe masu jinsa, ya bar mata fili. Ƙasarmu ba ta janye shi daga matsayin maganin farko ba sai 2005, bayan yara da yawa sun tafi. Malawi ta janye shi tun 1993, kuma kafin shekara goma ƙwayar da ba ta jinsa ta kusa ɓacewa a birnin Bulantaya. Makiyayi ya sake hali, garke ya sake kama.

Yanzu abin da ke hannunmu shi ne haɗin nan na ACT, irin su Coartem. Shi ma an ga ƙwayar da ke jinkirin mutuwa da shi a Kambodiya a 2008, sannan a Ruwanda a 2020 da Uganda a 2021. Ta Afirka kuwa ba daga Asiya ta zo ba, nan ta tsiro. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin nan a duniya 'yan Nijeriya ne. In irin wannan ƙwaya ta kafu a nan, babu inda za ta sami garke kamar namu.

A nan ne nake ganin mu mazauna Kurmi muna da kaso babba, ko da ba ma so a faɗa. Wa ya kai mu zirga-zirga? Direban tirela yau yana Apapa, jibi yana Kano. Mai shanu, mai albasa, mai goro, ɗan acaba, kowa da Salla sai gida. A nan Kudu sauro ba ya hutu, rani da damina. A gida kuwa da damina yake tashi, daidai lokacin da da yawa ke komawa noma. Abin da jininmu ya kwasa a Ikko, sauron Funtuwa ne zai raba wa ƙannenmu.

Ga kuma halinmu da kemis. Mutum ya ji jiki ya yi zafi, ba gwaji, sai ya ce a ba shi na naira kaza. A yanko masa rabin kati. Ya sha kwana ɗaya, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran don wata rana, ko ya miƙa wa abokin ɗaki. Na sani ba ganganci ba ne kullum. Wanda ke cin abin da ya samo a yini ba ya son kwanciya, kuma kuɗin kati cikakke ba wasa ba ne. Amma ƙwayoyin da suka tsira daga rabin magani su ne masu taurin kai, su ne kuma bijiman da aka bari.

Don haka ina kira ga sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba, da shugabannin direbobi da na kara, su ɗauki wannan magana kamar yadda suke ɗaukar rikicin kasuwa. A sa masu kemis na unguwanninmu su daina yanka kati. A tanadi abin gwajin nan na ɗigon jini, wanda ke ba da amsa cikin minti ashirin, a tashoshin da motocin Arewa ke lodi. Wanda kuma zazzaɓi ya kama ana gobe tafiya, ya shanye maganinsa na kwana uku cif, ko da a kan hanya zai ƙarasa shi.