Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Hukumomin Gwamnati Kan Shafukansu Na Sada Zumunta



A damunar bana mahaifina, tsohon malamin firamare, ya yi sammako, ya ƙunshe takardunsa a leda saboda ruwa, ya hau mota zuwa babban birnin jiha don tantance 'yan fansho. Maigadi ne ya shaida masa a bakin ƙofa cewa an ɗage. Kuɗin mota ya tafi, ya dawo da kumburarriyar ƙafa. Da dare na leƙa shafin hukumar da ke tantancewar a Facebook, ko an sanar mu ne muka yi sakaci. Ko alama. Hotunan oga ne rututu yana yanka kek ranar zagayowar haihuwarsa.

Na rubuta a ƙasa cewa don Allah a riƙa sanar da tsofaffi idan an sauya rana. Ban zagi kowa ba, har da "ranka ya daɗe" na sa. Kafin gari ya waye an goge maganata, an toshe ni. Na ari wayar ƙanena na duba: 'yan amshin Shata masu "Allah ya ƙara girma" suna nan daram.

Ranku ya daɗe, wannan shafi ba zauren gidan oga ba ne. Da kuɗin jama'a ake biyan yaron da ke riƙe da shi, har datar da yake ƙonawa. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ni damar faɗin albarkacin bakina, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ɗebar wa hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Ni ko minti bakwai na kulawa ban samu ba. Ban ma ga laifin yaron sosai ba, tsoro yake kada oga ya ga ƙorafi abincinsa ya ƙare.

Kuma halin daga sama ya gangaro. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan an goge wani saƙon Shugaba Buhari, abin dariya kuma a Twitter ɗin ta sanar. Sai a Janairun 2022 aka buɗe, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. Na zaci an ɗauki darasi.

Ban ce a bar ashar da ƙarya da masu hura wutar ƙabilanci ba. A goge su. Amma ku rubuta ƙa'idar gogewa ku kafa ta a saman shafi kowa ya gani, ku riƙa fitar da sanarwa da Hausa, ku ɗora wa ma'aikaci guda alhakin amsa tambaya. Wannan ba ya buƙatar kwangila, wataƙila shi ya sa ba a yi ba.

An ce an sa sabuwar ranar tantancewa. A bakin wani direban tasha muka ji, Baba kuma ya ce ba zai sake hawa mota ba sai na tabbatar. Ku sa a buɗe ni in duba.

Wassalam,
Ɗan wani ɗan fansho