Sana'ar Ɗaukar Bidiyo A Ƙasar Kagarko

Duk wanda ya san ƙasar Kagarko ya san cewa da zarar damina ta ɗauke, aka tone citta aka kai kasuwa, to sai bukukuwa su kankama. Daga watan Nuwamba har zuwa Janairu da wuya a ƙare mako ba a ji kiɗa a wani ƙauye ba, ko na Koro, ko na Gbagyi, ko na Hausawa da Fulani. A irin wannan lokaci ne ake ganin samari riƙe da kyamara suna kai da kawowa tsakanin Kagarko da Jere da Kubaca, wasu ma har su dangana da Kwoi da Kafancan. Sana'a ce mai rufin asiri, amma fa da yawa daga cikin masu yinta sukan wayi gari bayan shekara guda su tarar sun sha wahala, kyamara ta tsufa, aljihu kuwa babu kome. Don haka ne filin namu na wannan mako zai duba inda gizo ke saƙar.

Iyayenmu sun san majigi, watau motar nan da ke zuwa gari da dare a kafa farin ƙyalle a nuna wa jama'a hoto mai motsi. A wancan zamani ɗaukar irin wannan hoto aikin hukuma ne. Sai da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu, har ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sa'an nan talaka ya gane ashe shi ma yana iya ɗauka ya tace ya sayar. Yau kuwa ko wayar da ke aljihun ɗalibi ta fi kyamarorin wancan lokaci fitar da hoto garau. To, tun da kowa yana da kayan ɗauka, me zai sa mai biki ya biya wani? Abin da yake saye shi ne sauti mai kyau, da tacewa, da kuma tabbacin cewa ba za a ce masa aikin ya ɓace ba.

A fara da sauti, domin nan ne sabon shiga ya fi yin sakaci. Ɗaurin aure bai wuce 'yan mintoci ba. Waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a faɗi sadaki, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, shi ke nan an watse, ba kuwa za a maimaita don mai kyamara ba. Wanda ya tsaya can bayan taro ya dogara da makirufon da ke jikin kyamara, abin da zai kwaso shi ne hayaniyar yara da ƙarar babura da kukan janareto. Lalle ne ya tanadi ƙaramar na'urar naɗar murya ya ajiye ta kusa da liman, ko ya maƙala wa ango ƙaramin makirufo a wuyan riga. In a coci ne, ko a zauren da aka kafa lasifika, sai ya iso da wuri ya roƙi mai kula da kayan sauti ya ba shi waya guda daga na'urarsa. Kafin a fara, ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, domin wannan tafin shi zai nuna masa inda zai haɗa murya da hoto idan ya zauna tacewa. Mutane sukan yi haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, amma uwar amarya ba ta yafe wa wanda ya kawo mata addu'ar da aka yi wa 'yarta ba a jin ko kalma guda.

Sai maganar haske. Bikinmu na farar shadda ne da babbar riga, ana kuwa yinsa da rana tsaka. Kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci takan auna farin tufa ta rage haske, sai fuskokin mutane su koma baƙi ƙirin, ba a gane ango ba a gane abokinsa. Ya kamata mai ɗauka ya auna hasken daga fuska, in da hali kuma ya lallaɓa manyan baƙi su koma inuwar rumfa ko ta bishiya. Da dare kuma akwai wata matsala wadda mutane da yawa ba su san sababinta ba, watau hoto ya riƙa kyaftawa a ƙarƙashin fitila. Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 ne a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60, kyamarori da wayoyi da yawa kuma suna zuwa ne a saite a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa. A mayar da ita 25 ko 50, yawanci kyaftawar za ta tafi. Lokacin bukukuwan kuma shi ne lokacin hunturu, saboda haka kada a canza gilashin kyamara a fili cikin ƙura, a shiga ɗaki ko mota.

Abin da ya fi kashe suna a wannan sana'a shi ne ɓacewar aiki. Kyamarar da ke ɗaukar babban hoton nan da ake kira 4K tana iya cinye gigabait 45 a awa guda. Bikin kwana uku, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa kai amarya, zai cika katunan ajiya da dama. Saurayin da ke da kati ɗaya tak yakan kwashe hoton jiya cikin gaggawa ya goge katin don aikin yau, bai ko buɗe ya ga abin da ya kwashe ya shiga daidai ba. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita a ko'ina ita ce a sami kwafi uku, biyu a kan na'urori dabam dabam, na ukun kuma a wani gida dabam, saboda gobara da ɓarawo. Ba a goge kati sai an buɗe kwafin an gani da ido. Wanda kuma aikinsa zai ƙare ne a wayar mutane, ba dole ne ya ɗauka da 4K ba. Ƙaramin ma'aunin nan na 1080 ya wadatar, ya fi sauƙin ajiya, kuma tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukarsa ba tare da ta riƙa sanƙarewa ba.

Tacewa ita ce rabin aikin da mai biki ba ya gani, shi ya sa ba ya son biya. Manhajojin aikin suna da yawa. Adobe Premiere Pro ana biyan kuɗin hayarta ne a kai a kai, DaVinci Resolve kuwa tana da nau'in da ake saukewa kyauta wanda ya ishi kowane aikin biki, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. CapCut da KineMaster suna aiki a waya, suna da amfani wajen gajeren hoto. Amma manhaja ba ta koya wa mutum hankali. Mai tacewa na ƙwarai yakan fara ne da raba hotuna bisa rana da sha'ani, ya zauna ya kalli duk abin da aka ɗauka kafin ya yanke ko daƙiƙa guda. Sa'an nan ya fitar da aiki iri biyu. Na farko gajere, na minti uku zuwa biyar, wanda ango da amarya za su aika wa abokai. Na biyu dogo, na dattawa, wanda a cikinsa kowace gwaggo da kowane kawu da ya taso daga Zariya ko Keffi zai ga fuskarsa. A nan sai an yi hattara, gama abin da makarantar fim za ta kira ɓata lokaci, a wurin tsohuwa shi ne dalilin biyan kuɗin. Haka nan kuma a kiyaye da jerin girma. Idan hakimi ko dagaci ya halarta, ba a nuna abokan ango suna rawa kafin a nuna isowarsa, ba a kuma rubuta suna ko sarautar mutum a kan hoto sai an tambayi masu bikin yadda ake rubuta shi. Waɗannan rubuce-rubuce masu juyi da walƙiya da sababbin hannu ke cika aiki da su kuwa, gara a rage, yanka tsaf daga wannan hoto zuwa wancan ya fi su kwarjini.

Akwai kuma waƙa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare mawaƙa, kuma YouTube da Facebook suna da na'urar gane waƙar da aka ɗora ba da izini ba, suna iya kashe sautin ko su toshe hoton. Wanda zai yi wa ɗan kasuwa ko ɗan siyasa talla ya nemi kiɗan da aka halatta, ko ya biya wani makaɗi na gida ya yi masa. Wajen miƙa aiki kuma a tuna WhatsApp yana matse bidiyo har ya dusashe, sai in an aika shi a matsayin takarda. Mafi kyau a sa wa mai biki a filasha, a miƙa masa hannu da hannu.

Yanzu sai kuɗi, inda zumunci ke cinye uwar kuɗi. A gari irin Kagarko kowa ɗan'uwan kowa ne, mai biki kuma zai ce, "Haba ɗana, ai bikin ƙanwarka ne, ka zo ka yi, ma daidaita daga baya." Bayan biki kuwa kuɗi sun ƙare a shinkafa da rumfa. Tilas ne a karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi ko fiye, tun kafin a rubuta ranar a littafi, ciko kuma ranar miƙa aiki. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda guda ce: kwana nawa za a ɗauka, sha'ani nawa, wa zai biya mota da masauki, yaushe za a kawo aiki, sau nawa za a yi gyara kyauta. A ce, alal misali, an yi ciniki a kan Naira 150,000. Mai sana'a ya cire ladan yaron da ya riƙe kyamara ta biyu, da kuɗin mota, da filasha, da man janareto na kwanakin da zai yi yana tacewa, wanda tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya zama abin lissafi. Ya kuma ware wani kaso na ranar da batir zai mutu ko kyamara ta faɗi. Abin da ya rage sai ya raba shi da yawan kwanakin aikin, har da na tacewa, a nan zai ga ko ya fi mai acaba samu ko bai kai shi ba. Wanda ya tara ya sayi ƙaramin sola da batirin da zai riƙe kwamfuta, ya rage wa kansa babbar asara.

Shekarar 2023 ta koya wa mutanen wannan yanki darasi, sa'ad da cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta lalata amfanin manoma masu yawa. In citta ta faɗi, biki yakan ragu, ko a yi shi a taƙaice. Saboda haka kada mai kyamara ya jingina da aure kaɗai. Akwai saukar karatu da walima, da bikin yaye ɗalibai, da tarurrukan coci, da naɗin sarauta, da bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi. Abuja kuma tana kusa ta hanyar Bwari, ga tashar jirgin ƙasa a Jere tun 2016, can kuwa akwai ƙungiyoyi da kamfanoni masu neman wanda ya san ƙauyuka ya kuma ji harsunan mutanensu. Sai dai irin waɗannan ba su cika hulɗa da wanda ba shi da rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC da asusun banki da rasit ba. Mai sha'awar jirgin nan maras matuƙi kuma ya sani sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, ba abin da za a saya a kasuwa a tayar kawai ba ne.

Akwai abu guda da ya fi ƙarfin riba, watau amana. Gidaje da yawa ba su yarda namiji ya shiga wurin kamu ko sa lalle, don haka wanda ya koya wa ƙanwarsa ko matarsa riƙon kyamara ya sami aikin da abokan gasarsa ba za su samu ba. Hoton matan aure kuwa ba a ɗora shi a intanet don talla sai da yardar masu shi. Ƙasar Kagarko da hanyar Kaduna zuwa Abuja sun sha fama da masu satar mutane, har aka kai wa jirgin ƙasa hari a watan Maris na 2022. Hoton da ke nuna wani attajiri yana liƙin kuɗi, ga ƙofar gidansa ga lambar motarsa, yana iya faɗawa hannun da ba a so. Mai tacewa ya yanke irin wannan daga gajeren hoton da zai yawata a wayoyi, ya bar shi a cikin dogon da za a ajiye a gida. Shi kansa kuma in biki ya kai shi dare a ƙauye, ya nemi wurin kwana tun a cikin yarjejeniya, ya kwashe katunansa ya sa a aljihu dabam da jakar kyamara, da safe ya kama hanya.