Dambe Yana Bukatar Doka A Rubuce

Kowace shekara idan kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, sai kalangu ya tashi a ƙasar Tsafe da Gusau da Bunguɗu, samari su ɗaure hannu su shiga fage. Dambe gado ne. Tun asali wasan mahauta ne, kuma ƙasashen Sakkwato da Zamfara sun yi suna da shi, har marigayi Ɗan Anace ya waƙe Shago duk ƙasar Hausa ta ji. Ba mu da nufin a hana wannan wasa. Abin da muke roƙo shi ne a yi masa doka a rubuce, wadda za ta tsare ran ɗan dambe da lafiyarsa.

Domin a gane abin da muke nufi, bari mu duba yadda waɗansu al'ummai suka yi da nasu wasannin. A ƙasar Japan akwai wani irin kareti da ake kira Kyokushin, wanda Masutatsu Oyama ya kafa ƙungiyarsa a Tokyo cikin 1964, aka yi gasarsa ta duniya ta farko cikin 1975. A wannan wasa bugun gaske ake yi, manya kuma hannu tsirara suke karawa. Duk da haka an hana naushi ko bugun gwiwar hannu a fuska da wuya, an hana bugun mazakuta da ƙashin baya, an hana karo da kai, an kuma hana bugun wanda ya riga ya faɗi. Wanda aka kayar ya kasa tashi cikin daƙiƙa uku, to, an cinye shi, wasa ya ƙare. Watau sun yarda a gwada ƙarfi iyakar gwadawa, amma sun ware wuraren da bugu ɗaya zai nakasa mutum har abada.

A wasannin Olamfik da aka yi a Tokyo cikin 2021 kuwa, inda ake irin karetin da dole mutum ya auna bugunsa, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki a wasan ƙarshe, sai ya shuri Sajad Ganjzadeh na Iran har ya suma. Alƙalai suka fitar da mai bugun, suka ba wanda ya suma lambar zinariya. Damben Turawa ma haka ya biyo. Dokokin Queensberry na 1867 su suka kawo sa safar hannu, da turmi na minti uku, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Da ɗan damben Koriya Duk Koo Kim ya rasu cikin 1982 bayan karawarsa da Ray Mancini a Amurka, sai aka rage turmin gasar duniya daga 15 zuwa 12.

To, mu ma dambenmu ba a rasa ƙa'ida ba. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, kuma alƙali yana shiga ya raba. Amma fa a ka ake riƙe da waɗannan ƙa'idodi, kowane fage da yadda yake bin su. Ga shi kuma abin da 'yan kareti suka haramta, watau naushin fuska, shi ne ainihin dambe, da hannun da aka naɗe da zare ya yi tauri kamar dutse. Saboda haka bukatarmu ga doka ta fi tasu.

Likitoci sun bayyana cewa idan an bugi kai da ƙarfi, ƙwaƙwalwa takan girgiza a cikin ƙoƙon kai. Mutum yana iya tashi ya karkaɗe riga ya yi kirari, alhali jini yana taruwa a ciki, sai bayan sa'o'i ciwon kai da amai da barci mai nauyi su biyo baya. In kuwa aka sake bugunsa kafin na farko ya warke, haɗarin ya fi girma ƙwarai. Laya da guru ba sa tsai da wannan jini. Asibitocin da suka fi ƙarfi suna Gusau, kowa kuwa ya san halin da hanyar Tsafe zuwa Gusau take ciki da dare saboda 'yan bindiga.

Ga shawararmu. Da farko, a ajiye ma'auni a bakin fage, a haɗa mutum da tsaransa a nauyi da shekaru. Na biyu, alƙali ya duba kowane hannu kafin a sa zare, kada a ɓoye wani abu mai kaifi ko mai nauyi a ciki. Na uku, kada a fara wasa sai da malamin asibiti da mota a kusa, kuma in ya ce a tsaya, a tsaya. Tsafe tana da kwalejin koyon aikin lafiya, ba za a rasa wanda zai yi wannan aiki ba. Na huɗu, wanda aka sumar ya huta aƙalla kwana 30, kamar yadda ake yi a damben Turawa, a kuma rubuta sunansa a littafi don kada ya tsallaka wani gari ya dambata gobe. Na biyar, a hana yara ƙanana dambe da zare, a kuma tashi daga fage tun da sauran rana.

Waɗansu za su ce wannan zai kashe jarumta. Mu kuwa muna ganin jarumin da ya shekara goma a fage ya koma gida da hankalinsa da idonsa ya fi amfani ga iyalinsa bisa wanda aka bari ana ja da sanda.

Aikin nan yana wuyan masu alƙalami. Ma'aikatan ƙananan hukumomi su zauna da sarakunan dambe da masu gidajen wasa, da iznin masarauta, su rubuta dokokin da Hausa, a manna su a ƙofar kowane fage. Malaman makaranta kuma su koya wa yara alamomin bugun kai, gama a cikin ajinsu 'yan damben gobe suke zaune. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa a fara tun kafin kakar bana ta wuce.